Yadda 'Yan Fansho Za Su Kauce Wa 'Yan Damfarar Waya

Duk lokacin da aka ji raɗe-raɗin biyan bashin fansho ko garatuti, 'yan damfara sukan yi ca a kan dattawa. Mutum zai kira, ya ambaci cikakken sunanka da ma'aikatar da ka yi ritaya, wani lokaci har da matakin albashinka, sai ya ce fayil ɗinka ya maƙale, a turo "kuɗin tura takarda". Katse kiran. Hukumar PTAD, mai kula da fanshon ma'aikatan gwamnatin tarayya na tsohon tsari, ba ta karɓar ko sisi a kan tantance 'yan fansho.

Lambar sirrin katin ATM mai lamba 4, da lambar da banki ke turowa ta saƙo, ba a karanta wa kowa su, ko da ya ce daga banki yake. Da lambar saƙon nan ake kwashe kuɗi cikin minti kaɗan. BVN ma, wato lambar shaida ta banki mai lamba 11, a riƙe ta a sirrance.

A wurin mai POS, kare madannin da tafin hannu. Kada a rubuta lambar a bayan kati, abin da dattawa da yawa ke yi saboda mantuwa.

Idan waya ta ɓata, fara toshe asusun banki, sannan layin. Ranar, ba gobe ba.