Yadda Na Gyara Gashin Talo-talon Bikin Godiya

Bikin Godiya na Amurka Alhamis ta huɗu ce a watan Nuwamba. Mun yi namu da abokai a Jamus, ƙaramar tanda ta ba mu matsala: ƙirjin talo-talon ya bushe ƙayau, cinya kuwa da jini-jini a gaɓa.

Dalili biyu ne. Talo-talon daskararre ne, ƙanƙarar cikinsa ba ta gama narkewa ba, don kowane kilo 2 na buƙatar kwana ɗaya a firji. Sannan ƙirji kan riga cinya nuna, ga shi dab da wutar sama.

A gwaji na biyu na ba talo-talo mai kilo 5 kwana 3 ya narke. Na cire ƙashin baya da almakashi, na danne ƙirjin har ya yi ƙas, ya baje a tire. Na shafe shi da gishiri giram 45, ya kwana a firji ba rufi, fatar ta tsane. Kada a tsallake wannan.

A gasa shi a digiri 200 na Celsius, kimanin minti 90. Ma'aunin zafi ne alƙali: a soka shi a kaurin cinya ba tare da ya taɓa ƙashi ba, sai ya nuna digiri 74. A bar shi ya huta minti 20 kafin yanka. Ƙashin bayan nan da shi na dafa romo.