Yadda za ka sa kowa ya shiga wifi ɗin ofis da sunansa a UniFi

In dai fasuwod ɗaya kowa ke amfani da shi, wallahi kafin sati har maƙwabta sun samu, gara ka koma WPA2 Enterprise, wato tsarin da kowa ke shiga da nasa sunan da nasa fasuwod. Ka shiga kwantirola, wato manhajar da ake sarrafa na'urorin wifi na UniFi da ita, wajen Profiles ka ƙirƙiri furofayil na RADIUS, ka zuba adireshin IP na sabar RADIUS, wato kwamfutar da ke tantance sunan kowa da fasuwod ɗinsa, fot 1812, sai kalmar sirrin da na'urorin wifi ɗin da sabar za su gane juna da ita, kuma dole ta zama iri ɗaya sak a ɓangaren sabar ko harafi ɗaya ya kauce ba zai yi ba. Daga nan ka buɗe saitin SSID ɗin, wato sunan wifi ɗin, ka zaɓi wannan furofayil.

Inda mutane ke maƙalewa, a UniFi kowane AP, wato na'urar da ke watsa wifi ɗin, da kansa yake magana da sabar ba kwantirola ba, don haka ka yi musu rajista duka a kan sabar. Sai ka gwada da waya.