Ɗan siyasa ya yi magana kan shari'ar yanayi: ka sayi hannun jarin mai ko ka saida?

Yanzu a Yamai ba wuya ka zauna fada wani ya ɗago waya ya ce Trump ya ce kaza, gwamnan Kaliforniya ya ce kaza, don haka Exxon za ta tashi ko Shell za ta faɗi, a yi maza a saya. To ɗan'uwa kafin ka taɓa jika ɗaya daga kuɗinka, ga yadda ake tace irin wannan magana.

Ka fara da tambayar wa ya yi maganar, kuma mi ke hannunshi. Sanata ko ɗan takara da ya hau X ya ce sai kamfanonin mai sun biya barnar da suka yi ma duniya, wannan baki ne kawai, gobe ma zai sake faɗi. Amma akwai ɗan siyasar da ke da ikon kai takarda kotu. A Kaliforniya babban lauyan gwamnatin jiha zaɓenshi ake, kuma Rob Bonta da ke riƙe da kujerar shi ne ya maka Exxon, Shell, BP, Chevron da ConocoPhillips a kotu cikin Satumba 2023, bisa zargin sun daɗe da sanin illar mai ga yanayi suka ɓoye ma jama'a. In irin wannan ya yi magana, nemi takardar ƙarar. In babu takarda, babu doka da aka sa ma hannu, wuce abinka.

Sannan ka duba ina shari'ar ta kai, nan ne mutane suka fi ruɗewa wallahi, don kanun labari ba ya gaya maka saura matakai nawa. Ranar 26 ga Mayu 2021 kotun Hague a Holand ta umurci Shell ta rage hayaƙin da take fitarwa da kashi 45 cikin ɗari kafin ƙarshen 2030, in an gwada da na 2019. Ƴan siyasa masu rajin kare muhalli suka yi ta murna, wasu na cewa zamanin mai ya ƙare. Wanda ya tsorata ya saida a lokacin, shekarar 2022 ta wuce shi, shekarar da yaƙin Ukraine ya cilla farashin mai da gas sama Shell ta ci ribar wajen dala biliyan 40, Exxon kuma sama da biliyan 55. Sai ga shi a Nuwamba 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wancan umurnin, masu ƙara kuma suka wuce kotun ƙoli. Jihar New York ma ta kai Exxon ƙara a 2018 da ganga da kalangu, Disamba 2019 alƙali ya ce ba ta kawo hujja ba. Birnin Honolulu na jihar Hawaii kuwa tun 2020 ya shigar da tashi ƙarar kan kamfanonin mai, sai Janairu 2025 kotun ƙolin Amurka ta ƙi sauraren roƙon kamfanonin na a tsaida ta, wato shekara kusan biyar ana jayayya kan ko shari'ar za ta ci gaba ma, ba a zo maganar ko nawa za a biya ba. Kamar rigimar gadon fili ce, wanda ya shigar da ita ba lalle shi zai ga ƙarshenta ba.

Abin da ni na fi ba muhimmanci shi ne ka buɗe farashin gangar ɗanyen mai na Brent, wanda kasuwar duniya ke auna farashin mai da shi, gefe guda duk lokacin da kake kallon hannun jarin. Dubi Afrilu 2025. Ranar 8 ga wata Trump ya sa hannu kan umurnin da ya ce ma ma'aikatar shari'a ta tare dokoki da ƙararrakin yanayi na jihohi, daga baya ma ma'aikatar ta kai New York, Vermont, Hawaii da Michigan kotu. In maganar ɗan siyasa ce ke tuƙa kasuwa ai ranar sallar masu hannun jarin mai ke nan, amma a waɗannan kwanakin faɗuwa suke ta yi, saboda harajin kwastan da shi Trump ɗin ya lafta ma duniya ranar 2 ga wata, ga OPEC+, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai da ƙawayenta, ta ce za ta ƙara yawan man da take fitarwa, ganga ta sauko wajen dala 60. Kuma ka tuna umurnin shugaban ƙasa ba ya rufe shari'ar da ke gaban alƙalin jiha, wanda zai gaje shi ma yana iya soke shi rana ɗaya.

Ba wai haɗarin babu shi ba fa. A Disamba 2024 gwamnar New York Kathy Hochul ta sa hannu kan dokar da ke neman dala biliyan 75 daga manyan kamfanonin mai cikin shekara 25, ana ta fafatawa kanta a kotu. Kamfanonin taba a 1998 sun amince su biya jihohin Amurka dala biliyan 206, ba su mutu ba, sun ɗora ma masu shan sigari. Don haka ka sauke rahoton shekara na kamfanin, je sashen ƙararraki, ka ga ko sun ware kuɗi don biyan diyya. Ranar da suka fara warewa, lauyoyinsu sun hango wani abu ke nan, kuma daga ribar da ake raba maku za a cire.

Sai kuma gaskiyar inda muke zaune. Hanyar da ta fi sauƙi daga Yamai ita ce kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, ka buɗe asusu wajen dillali mai lasisi, waɗanda ake ce ma SGI, da sefa ake komi. Kamfanonin mai da ke can su TotalEnergies Marketing na Kodibuwa da Sanagal ne, da Vivo Energy mai gidajen man Shell a Kodibuwa, masu saida esansi da gazuwal a famfo, ba masu haƙo ba. Hukuncin Hague ko surutun Washington da ƙyar ya taɓa su, abin da ke taɓa su shi ne farashin lita da gwamnatocin ƙasashen ke tsaidawa da ɗan ribar da aka bar ma mai saida man a kai, maganar ministan can ita ya kamata ka kasa ma kunne. Man namu na Agadem kuma CNPC ta Sin ke haƙo shi, SONIDEP, kamfanin man ƙasarmu, ta gwamnati ce ba ta cikin kasuwa, saboda haka duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp wai yana saida hannun jarin bututun da ya tafi Benin, toshe lambar.

Su kuma manhajojin waya da ke nuna maka Exxon da Chevron, karanta da kyau kafin ka tura kuɗi, da yawansu CFD suke saidawa, wato caca kan tashi da saukar farashi da kuɗin aro, ba ka mallaki komi cikin kamfanin ba. A irin wannan, motsin kashi 5 cikin ɗari na yini ɗaya ya isa ya share abin da ka zuba in aron ya ninka kuɗinka sau 20. Ka tambaye su a rubuce ko hannun jarin da sunanka yake, da kuma wace hukuma ce ta ba su lasisi.