Bullpup: abin dubawa a bindiga mai gidan harsashi a bayan kunama

Wanda ya san bindigar FAMAS ɗin da sojojin Faransa suka riƙa ratayawa a Yamai ya san irin wannan ƙira. Gidan harsashi da injin duka an mayar da su bayan kunama, cikin gindin bindigar, don jiki ya gajarce ba tare da an rage bututu ba. AKM, 'yar gidan AK-47 wadda ba bullpup ba ce, tsawonta santimita 88 ne, bututunta 41.5. Steyr AUG, bullpup ta Ostiriya wadda ta fito a 1977, santimita 79 ce kacal, amma bututunta ya kai 50.8. Samfurin AUG na farar hula harsashi ɗaya yake fitarwa a kowane jan kunama, kuma shi ma sai da izinin hukuma ake riƙe shi.

Don tabbatar da cewa babu harsashi a cikin bindigar, fara da cire gidan harsashi, ka ja mariƙin ɗanawa baya, ka leƙa ramin da harsashi ke zama. A nan mutane ke kuskure, domin ramin yana kusa da kunci, ba ya gaban ido. Juya ta ka gani da kyau, kada ka yi zato.

Sai batun kwanson harsashi da ke fita bayan harbi. Tagar da yake fita tana dab da fuska, bahago kuwa idan ya ɗora bindigar da tagarta ke dama a kafaɗar hagu, kwanso mai zafi a haɓarsa zai sauka. A AUG ana canza ƙarfen da ke tura harsashi, a toshe tagar dama a buɗe ta hagu. L85 ta Ingila daga dama kawai ake harba ta, FN F2000 kuma gaba take zubar da kwanso.

Kunamar ita ce raunin bullpup. Dogon sanda ne ya haɗa ta da injin da ke baya, shi ya sa janta ke da nauyi. A hunturu, ƙura takan haɗu da mai ta zama dauɗa a kan sandan, kunama ta riƙa cijewa. Goge da busasshen ƙyalle da ɗan burushi, a ɗiga mai kaɗan inda ƙarfe ke gugar ƙarfe kawai.

Kula da hannun gaba ma, domin tazararsa da bakin bindiga kaɗan ce. Ya tsaya a kan mariƙinsa, kada yatsa ya zarce.