Yadda za ka daina cin rai in aboki ya karanta saƙonka bai amsa ba

Tun da WhatsApp suka kawo alamar nan shuɗiya a 2014 abokai ke ta samun saɓani a kanta, ka tura saƙo ka ga an buɗe, shiru, sai zuciya ta fara saƙa maka ai wulaƙanci ne, ya samu wasu ya manta da kai. Haka ƙwaƙwalwa take, in ba ta samu bayani ba sai ta ƙirƙiro nata, kuma yawanci mafi muni take ɗauka.

To kafin ka yanke hukunci ka lissafo dalilai uku da ba ruwansu da kai: caji ya ƙare, yana kan hanya cikin adaidaita, ko ya ce bari ya idar da sallah sai ya sha'afa. Ni kaina na taɓa yin sati biyu ina gaba da wani abokina, ashe mahaifiyarsa ce kwance a asibiti, wallahi kunya kamar in nutse.

Sannan ka ajiye wayar nan, ka daina leƙawa kowane minti ko yana onlayin. In abin ya dame ka sosai shiga saitin, ɓangaren sirri, ka kashe alamar karantawa, amma fa kai ma ba za ka ga ta wasu ba, kuma a guruf tana nan daram.

In kwana biyu suka wuce ka kira shi kawai, "mutumina lafiya kuwa? na ji ka shiru", ban da gori.