Yadda na gyara waƙoƙin da suka ƙi tashi a mota

Rediyon motar da nake jigila da ita tsakanin Jidda da Makka ta ƙi karanta rabin waƙoƙin filas ɗina. A kwamfuta na duba ƙarshen sunan fayilolin: .m4p ne, masu kullen DRM, wato kullen da ke hana amfani da waƙa ba da izini ba, sai a manhajar da aka yi wa rajista suke tashi. Ban fasa kullen ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Saudiyya ta hana, kuma guminsu ne mawaƙan. Na kunna su daga waya ta Bluetooth, suka tashi lafiya lau. Waɗanda na saya marasa kulle, .m4a, na mayar MP3.