Babi na Shida: Zana Hanyar Turankin a AutoCAD

Kun san turankin, wannan dogon akwatin roba ko ƙarfe da ake kafawa a jikin bango, a jera wayoyi a ciki a rufe. Da yawanku kun fi ni iya kafa shi. Yau za mu koyi zana hanyarsa a kwamfuta tun kafin a huda bangon mutane. Kada ku tsorata. AutoCAD, wannan shirin zane na kwamfuta, tun 1982 ake aiki da shi, kuma waɗanda suka iya ba da shi aka haife su ba.

Darasi na 1: Madannin Enter

Ku duba allon madannai, wajen hannun dama. Akwai wani babban madanni da aka rubuta Enter a kansa. Ku ɗora yatsa. Kun gan shi? Madalla.

Kwamfuta kamar yaron shago take. Ko ka faɗa masa saƙo, ba zai motsa ba sai ka ce "je ka". Enter shi ne "je ka" ɗin. Ku rubuta UNITS, ku danna Enter. A akwatin da ya fito ku zaɓi Millimeters, ku danna OK. Daga yanzu mita ɗaya 1000 za ku rubuta, mita huɗu 4000.

Idan akwatin bai fito ba, ba kwamfutar ce ta lalace ba. Ba ku danna Enter ba ne. Ku danna.

Darasi na 2: Leya da layin farko

Leya na ce, ba laya ba. Kamar farar leda ce da ake ɗorawa a kan zanen gini, kowane aiki da tasa ledar. Ku rubuta LA, Enter. Ku buɗe sabuwa guda biyu: WUTA da jan launi, INTANET da shuɗi, domin wayar wuta da ta intanet ba a cusa su rami ɗaya. Ku danna WUTA sau biyu don ta zama wadda ake zane a kanta.

Yanzu ku danna F8, shi ke hana layi karkacewa. Ku rubuta PL, Enter. Ku danna linzamin kwamfuta, wato mouse, a inda akwatin rarraba wuta yake, ku ja shi zuwa dama, ku rubuta 4000. Me ya rage? Enter. Ku ja sama, 2500, Enter. In kun gama, Enter kuma, don ta san kun gama.

Darasi na 3: Faɗin turankin

Nan ne kowa ke faɗuwa. Turankin namu mai faɗin milimita 100 ne, saboda haka layi biyu muke so. Ku rubuta O, Enter. Ku rubuta 100, Enter. Ku danna layin, sannan ku danna gefen da kuke son na biyun ya fito.

Enter biyu ke nan. Ɗaya bayan O, ɗaya bayan 100.

A ajin da ya wuce akwai wani dattijo, tsohon mai aikin wuta, ya rubuta O100 a haɗe har sau biyar, kwamfuta tana ta ce masa Unknown command, wato ba ta gane umarnin ba, shi kuwa yana cewa, "Malam, wannan abu ya raina ni." Na ce, "Baba, ba raini ba ne, ba ka sallame shi ba ne." Daga ranar bai sake ba. Amma ku matasa, haba! Sau nawa zan faɗa? Mai hankali ba a yi masa magana bakwai. Wanda ya rikice ya danna Esc, can sama ta hagu, ya faro daga O. Da Enter.

Darasi na 4: Kwana

F, Enter. R, Enter. Ku sa adadin lanƙwasar, Enter, ku danna layuka biyun da suka haɗu a kwanar. Waya mai kauri ba ta son kwana mai kaifi.

Darasi na 5: Cika

Ƙa'idar masu aikin lantarki ta Ingila ta ce kada wayoyi su wuce kashi 45 cikin ɗari na cikin turankin, saboda zafi. In sun wuce, ku zana wanda ya fi girma.

Darasi na 6: Adanawa

Ctrl da S tare, kafin a ɗauke wuta.